Ciwon da Ya So Ya Hana Ni Wankan Jegon 'Yata

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar ni da rai da hankali har na zauna na rubuta wannan. Amma ba zan ɓoye ba, da haushi nake rubuta shi. Shekara uku ina ciwo ana ce mini lafiyata ƙalau, kuma a cikin shekara ukun nan babu abin da ban haɗiya ba da sunan magani. Idan akwai wata a Daura ko ƙauyukanta da jikinta ke ciwo ko'ina, gwaji kuma ya ƙi nuna komai, ta karanta wannan kafin ta sake aikawa a sayo mata kafso.

Sunana Dije. A cikin garin Daura nake aure. Mijina Malam Habu dillalin awaki da tumaki ne, yau yana kasuwar Mashi, gobe yana ta Mai'adua. Ni kuma sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk wadda ta taɓa durƙusawa tana matsar tunkuza har mai ya fito ta san wannan ba aikin raguwa ba ne. Na faɗi haka ne saboda sunan da aka laƙa mini daga baya.

Sai na fara da maganar 'yata ta fari, don in ba da ita ba, ba za a gane abin da ciwon nan ya so ya ƙwace mini ba. Uwata, Inna, Bafulatana ce daga wata ruga wajen Baure, kunyar ɗan fari kuwa a wurinmu ba abin wasa ba ce. Ranar da aka yaye yarinyar, yayar Malam, Yaya Asabe, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goya ta, ta tafi da ita gidanta. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan. Ban taɓa yi mata kitso ba. Ta tashi tana kiran Yaya Asabe Umma, ni kuma ta ce mini Adda, yadda ƙannena ke faɗa. Haka muka yi shekara ashirin da biyu.

Abu ɗaya na ajiye a zuciya. Ni ma 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, amma da na haihu na je gida wanka, kwana arba'in safe da yamma ita ta yi mini da hannunta. A kwana arba'in ɗin nan ne kaɗai na san yadda tafin hannun uwata yake. To ni ma abin da nake jira ke nan. Yarinyar nan ta yi aure, ta haihu, ta zo gidana, in yi mata wanka tamanin, babu mai cewa na yi rashin kunya.

Ciwon ya fara ne bayan wani zazzaɓi da na yi da damina. Zazzaɓin ya tafi, ya bar mini nauyi a kafaɗu kamar na kwana ina dakan gero. Daga kafaɗu ya hau wuya, ya sauka gadon baya, ya shiga ƙugu da gwiwoyi. Yau yana nan, gobe yana can. In na kwanta na yi barci, in tashi kamar ban rufe ido ba. Sai mantuwa. In shiga ɗaki in tsaya ina kallon bango, na rasa abin da ya kawo ni. Sau nawa na zuba gishiri sau biyu a miya, Malam ya ci, ya sha ruwa kofi uku.

A bakin layinmu akwai Isiya mai kemis, mutumin kirki, ba ya faɗa da kowa, kuma bai taɓa ce wa kowa ban sani ba. Ya aika ni wani ɗakin gwaji aka ɗibi jini. Takarda ta fito: taifot da maleriya. Ya haɗo mini kafso ja da yalo, da wasu manyan farare masu ɗacin tsiya, da allura ta kwana biyar. Na sha na gama. Bayan wata biyu ciwo yana nan, na koma, takarda ta sake cewa taifot da maleriya. Ya ce taifot ɗin ta yi taurin kai, ya canza mini wani kafso mai ƙarfi. Haka muka yi ta yi, ni da Isiya da takardar nan, har na fara tunanin ko buga ta suke yi su ajiye, sai dai su rubuta suna.

A cikin shekara ta biyu ciki ya shigo cikin maganar. In na ci abinci sai ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Kwana huɗu ba na zagawa, sannan kwana biyu ba na barin ƙofar bayan gida. Nan Yaya Asabe ta karɓi jinyar, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

"Ke Dije, wannan ai sanyi ne da basir suka haɗu," in ji ta. "Daga yau babu ke babu nono. Babu wake, babu zogale, babu rama. Duk su ke hura ki."

"To Yaya me zan ci?"

"Farar shinkafa da taliya da shayi. Abinci mai sauƙi."

Inna kan zo daga Baure duk bayan mako biyu da ƙwaryar kindirmo a rufe da faifai, tsohuwa ta hau mota ta hau babur don ta kawo mini. Yaya Asabe sai ta karɓa ta yi godiya, ta raba wa maƙwabta. Inna sai ta ɗauki ƙwaryarta ta koma. Daga baya ta daina zuwa da ƙwaryar, sai ta zo hannu biyu ta zauna ta dube ni ta tafi.

Sana'a ta tsaya, don ban iya juya muciya ba balle matsa. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne jikina bai nuna ba. Ban rame can ba, ban kumbura ba, babu gyambo, babu karaya. Mata su zo dubiya su ce, "A'a, Dije, ai kin ma yi fari." Wata ta ce iska ce, aka yi mini hayaƙi. Wata ta ce sammu ne daga masu ƙuli-ƙulin bakin tasha, kamar ƙuli-ƙulina wata dukiya ce. Na sha rubutu, na gode wa malaman da suka yi, don ya kwantar mini da hankali. Amma a bayan idona kalma ɗaya ce ke yawo: son jiki.

Ana cikin haka aka ce yarinyar nan tana da ciki wata uku. Na shiga ɗaki na yi sujada. Ban gama murna ba Yaya Asabe ta zo, ta zauna a kan tabarma, ta gyara mayafi.

"Na ce ba, tun da wuri gara a san matsaya. A gidana za ta yi wanka."

"Haba Yaya. Ai gidan uba ake zuwa."

"Gidan uba, wa zai yi mata? Ke da buta ma sai an ɗauko miki? Jego ba a yin sa a kwance, Dije."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma shi ya sa maganar ta ƙona ni. Na lissafa, saura wata shida. Na ce wallahi ko me za a sha zan sha, in dai zan miƙe kafin ranar.

To nan na tafka wautar da ta fi kowacce. Yaya Asabe ta ce tun da kafso ya kasa, datti ne ya taru, sai an yi wankin ciki na gaske. Ta sayo mini wata jarka daga masu magani da ke yawo da lasifika ranar kasuwa, baƙin ruwa mai warin kanwa da sassaƙe. An ce kofi ɗaya da safe. Ni da nake sauri, na sha biyu, na bi da kafson Isiya. Kwana uku ina zawo har na daina gane gabas. Yaya Asabe tana tsaye tana cewa, "Yauwa, ciwon ne ke fita." A rana ta huɗu Malam ya dawo daga kasuwa ya tarar da ni a ƙofar bayan gida, na kasa tashi. Aka kai ni asibiti aka ɗaura ruwa leda huɗu. Ciwon bai fita ba, ni ce na kusa fita.

Daga nan Malam ya ce an gama da kemis, asibiti za mu bi. Mako na farko a nan Daura, na je tun bayan sallar asuba don in kama layi, na zauna a kan bencin da ke cin ƙugu har azahar. Likita ya duba takardu, bai ɗago kai sosai ba, ya ce, "Mama, jininki lafiya. Ki rage tunani." Mako na uku muka tafi Katsina, aka yi hoton ƙashi, aka yi sikanin. Mako na biyar muka koma karɓar sakamako, aka ce likitan ya tafi taro. Mako na shida aka ce komai lafiya. Kun san akwai ranar da mutum zai yi addu'a a ga wani abu a jikinsa? Ni na yi. Na fito daga ofishin nan ina kuka saboda an ce lafiyata lau, mutanen layi suna ba ni haƙuri, sun zaci mugun labari aka faɗa mini.

Allah ya saka wa wani ƙaramin likita a Katsina. Shi ne ya ce abin ya fi ƙarfin saninsa, ya rubuta mini takarda zuwa wata likitar gaɓoɓi a wani babban asibiti a Kano. Shi ne mutum na farko a shekara uku da ya ce bai sani ba. Aka ba mu rana sai bayan mako biyar. Malam ya sayar da tumakin da yake kiwo don layya, bai taɓa yi mini gori ba. Ranar tafiya ya ce in tattara duk kwalayen magungunan da na sha in tafi da su. Ban da waɗanda na zubar, sai da suka cika leda babba.

Cikin yarinyar nan yana wata bakwai na shiga wurin likitar. Mace ce ba ta kai ni shekaru ba. Ta zazzage ledar a kan tebur, ta daɗe tana juya kwalayen, ta ce, "Inna lillahi. Duk ke kaɗai?" Ta sa aka ƙara wasu gwaje-gwaje, ta ce sai ta tabbata ba wani ciwon ba ne. Da suka fito ta zaunar da ni ta yi ta tambaya, barci, mantuwa, bayan gida, abubuwan da babu wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya. Ta sa yatsa ta danna gefen wuyana, da kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙugu. Ba da ƙarfi ba, amma ko'ina ta taɓa sai na zabura.

"Mama, ciwonki yana da suna. Faibromayaljiya."

"Fai me?"

Ta yi dariya ta rubuta mini a takarda. "Ba sai kin iya faɗa ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ne suka cika ƙara. Abin da wani zai ji kamar taɓawa, ke sai ki ji kamar duka. Ba ya fitowa a hoto, ba ya fitowa a jini. Amma ba ƙarya kike yi ba."

Na riƙe bakin mayafi na toshe baki. Ta jira har na gama.

Sannan ta nuna tulin kwalayen. Ta ce wannan gwajin taifot ɗin da ake yi mini yakan nuna ko babu taifot. Ta ce a cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske, kuma mafi yawansu ba cuta ba ne, ma'aikata ne. Su ke taya mu narkar da abinci, kuma akwai hanyar da suke aika saƙo har zuwa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Masu bincike sun lura cewa a cikin masu irin ciwona, halittun nan sukan bambanta da na masu lafiya, wasu sun yi kaɗan, wasu sun yi yawa.

"To su suka sa mini ciwon?"

"Ban ce ba. Har yanzu ba a gama sani ba, ko su ke jawo shi, ko shi ke canza su, ko duka biyu. Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da shi ba. Abin da na sani, kafson nan ba ya tambayar wane ne mugu wane ne na kirki, duka yake kashewa. Wankin ciki kuma ya kwashe sauran. Sannan abincin da suke rayuwa da shi, wake da ganye da gero, shi aka hana ki."

Ban yi boko mai nisa ba, amma nan take na gane, saboda Inna. Inna ba ta taɓa sayar da nononta ƙarƙaf ba. Kullum sai ta rage ɗan kaɗan a gindin ƙwarya, ta zuba a sabuwar madara, shi ke sa ta kwana ta zama kindirmo. Na faɗa wa likitar haka, ta buga tebur ta ce, "Shi ke nan, Mama, kin fi ɗalibaina ganewa." Ashe shekara uku ina kankare ƙwaryata da hannuna, ina biyan kuɗi a taya ni.

Ta ce kada in ƙara shan kafso sai likita ya gani ya rubuta. Ta ba ni wata 'yar ƙwaya da zan sha kafin kwanciya. Ta ce in koma cin wake da zogale da tuwon gero da kindirmon da aka dafa madararsa, amma kaɗan-kaɗan. In riƙa tafiya a ƙasa kullum ko zuwa ƙarshen layi ne, in gasa jiki da ruwan ɗumi. Ta ce abincin ba zai warkar da ni ba, yana iya dai gyara cikin, wasu kuma sukan ji sauƙin jiki, wasu ba sa ji. Na tambaye ta maganar wankan jego. Ta ce, "Ki yi abin da za ki iya, ki bar wa wasu sauran. Ranar da kika ji ƙarfi ita ce ranar haɗari, don za ki yi aikin kwana uku ki biya da mako guda." Na ce to. A zuciyata na ce ba ta san Yaya Asabe ba.

Da na dawo na yi bayani, Yaya Asabe ta riƙe haɓa.

"Wato kun sayar da tumaki kun je Kano, an ce akwai tsutsa a cikinki, kuma a yi musu kiwo?"

"Ba tsutsa ba ce, Yaya."

"To mene ne?"

"Ƙanana ne, ba a ganinsu."

"Ciwo ba a gani, tsutsa ba a gani. Allah ya kyauta, Dije."

Na aika wa Inna ta dawo da ƙwaryarta. Da yake ni mai gaggawa ce, ranar farko na cika kwano da wake da zogale na bi da fura da nono. Cikina ya kumbura har na kasa ɗaura zani, Yaya Asabe ta samu abin faɗa na mako guda. Na koma cokali biyu, ludayi ɗaya, yadda aka ce tun farko. A mako na uku bayan gida ya fara daidaita. A na biyar na tashi wata safiya na ji kamar na yi barci, abin da na manta yadda yake. Ciwon bai tafi ba. Ya dai sassauta, ya zama akwai ranaku masu kyau a tsakanin munana.

Maganar wanka kuwa Malam ne ya yi dillancinta. Mutumin da ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa kullum, amma gaban yayarsa sai ya yi ta sosa ƙeya. Daga ƙarshe ya ce a gidansa za a yi, Yaya kuma ta tattaro kayanta ta zo ta zauna da mu har arba'in. Kowa ya samu rabi, kowa ya ɓata rai.

Yarinyar nan ta haifi namiji. Ma'aikaciyar asibiti ta ja kunnenmu kada ruwa ya zama mai salɓe fata, kanwa kuma a sassauta a kunu. Aka kawo ta gidana. Washegari tun kafin Yaya Asabe ta idar da lazimi na hura wuta, na ɗora tukunya, na karyo ganyen darbejiya, na juye ruwa a baho na ja shi har makewayi ni kaɗai. Yarinyar nan ta zauna a kan turmi ta juya mini baya. Na tsoma ganye na ɗaga, sai na ga wani dogon tabo a ƙasan kafaɗarta.

"Wannan fa?"

"Ai ya daɗe, Adda. Ina aji uku na faɗo daga katangar gidan Umma."

Gari ɗaya muke, ban taɓa sani ba. Na sa tafin hannu a kan tabon, na bar shi a can fiye da yadda wanka ke buƙata.

Kwana uku na yi haka, safe da yamma, itace ni, ruwa ni, kunu ni. Yaya Asabe ta miƙo hannu in ce bar shi. So nake ta gani, so nake unguwa ta gani. A rana ta huɗu na buɗe ido na kasa ɗaga kai daga filo. Zanin rufa ma ciwo yake mini. Abin da likita ta faɗa bai bar ko harafi ba.

Ranar suna ina kwance a ƙuryar ɗaki. Gida cike da mata, ana ta guɗa, ana soya nama, ni ko zama ban iya ba. Ta taga na ji wata tana cewa, "Kakar tana ciki, kin san ta da son jiki." Kowace safiya kuma ina jin ƙarar ganye a makewayi, fyaɗ, fyaɗ, da muryar Yaya Asabe tana cewa, "Juyo, 'yar Umma." Ban taɓa jin haushin jikina kamar na kwanakin nan ba. Na zagi Isiya a zuciya, na zagi mai jarka, na zagi takardar taifot, na dawo na zagi kaina, don babu wanda ya ɗura mini da ƙarfi.

A rana ta goma Yaya Asabe ta shigo da jaririn. "Tashi ki karɓi mijinki, tun da ya zo ba ki yi masa kallon kirki ba." Ta kama kafaɗata za ta tayar da ni. Ƙarar da na yi sai da yaron ya firgita. Ta sake ni, ta tsaya tana kallona, ni kuma hawaye na gangara cikin kunne, ban iya ɗaga hannu in share ba. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Dije, na san abin da kike jira tun ranar da na goya yarinyar nan. Kin zaci ban sani ba? Da da yadda za ki yi, ko da rarrafe ba za ki bar mini wankan nan ba." Ta gyara wa yaron hula. "Ashe da gaske ne."

Shekara uku ina neman wannan kalma, sai da na rasa bikin sunan jikana sannan na same ta.

Da yamma na ji tana ce wa Malam ya aika Baure a gaya wa Inna kindirmo ya ƙare. Ta leƙo ta ce, "Ban ce na yarda da tsutsotsinki ba. Na dai ga yana zama miki a ciki." Da na fara miƙewa ita ta tsara yadda za a yi. Ita ce wuta, ita ce ɗaukar ruwa, ita ce wankan safe, tun da safe jikina ya fi tauri. Ni kuma na yamma, a zaune a kan kujera 'yar tsugunno, a ranar da jiki ya yarda. Wata rana ya yarda, wata rana ya ƙi. Cikin wanka tamanin da na yi shekara ashirin da biyu ina jira, goma sha tara na samu.

Har yau ban warke ba, kada wata ta karanta wannan ta je ta sayi nono jarka guda ta ce Dije ta ce magani ne. Ina komawa Kano duk bayan wata uku. Na koma soya gyaɗa kaɗan, matsa kuwa sai na ba wata. Abin da nake roƙo kawai, in an ce miki taifot sau uku a jere, ki nemi likita ya dube ki da kyau. Kada ki wanke cikinki kamar tukunya, akwai masu yi miki aiki a ciki. In kuma 'yar'uwarki ta ce jikinta na ciwo, ki yarda da ita tun kafin ta yi ƙara.

Ranar arba'in na tashi da jiki mara kyau, irin ranar da ya kamata in haƙura. Da la'asar Yaya Asabe ta kai ruwa makewayi, ta ajiye kujerata, ta miƙo mini ganye. Ta ce hayaƙi ya shiga mata ido, za ta je ta zauna a zaure. Wutar kuwa ta daɗe da mutuwa.

Na tsoma ganye na fara. Kafin in kai rabi kafaɗuna sun kama da wuta. Yarinyar nan ta waiwayo.

"Adda, ki bari haka, hannunki rawa yake. Zan ƙarasa da kaina."

Ta yunƙura za ta tashi. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, sai na ji bakina ya ce:

"Zauna, Zainabu. Ban gama ba."

Ta tsaya cak. Ba ta juyo ba, ni ma ban so ta juyo ba. Ta koma ta zauna a hankali, ta sunkuyar da kai, na ga bayanta yana girgiza. Na ci gaba da tsoma ganye har ruwan ya huce.

Kwana huɗu na yi a kwance bayan wannan wankan. Su kaɗai ne kwanakin da ban yi ƙorafinsu ba.